Mai Riƙe da Littafin Sito

A gidan marayun da na tashi a unguwar Kwamba da ke Suleja, wata biyu ne ke ciyar da sauran goman: watan azumi da watan Disamba. Duk yaron da ya zauna a irin wannan gida ya san lissafin ko bai iya ƙirga ba, don kwanon tuwonsa kan gaya masa. Ni kuwa har a takarda na san shi. Ina aji biyar na firamare Hajiya, mai gidan, ta duba littafin makarantata ta ce rubutuna yana karantuwa, daga ranar in riƙa zama kusa da ita a ƙofar sito, tana faɗa ina rubutawa. Idonta ya fara rauni, kuma ba ta son ɗora wa ma'aikaci littafin, gudun kada wata rana a kira shi ɓarawo a kan abin da bai ci ba. Yaro dai ba a zarginsa da sayar da buhu. Ta haka na san abin da sauran yara ba su sani ba: me ya shigo, daga hannun wa, da ranar da zai ƙare.

Wanda bai san Suleja ba, ba zai gane yadda gida irin namu ke cika ba. Garin nan shi ne Abuja ta asali. Zage-zagin da suka baro Zariya tare da Sarki Makau lokacin jihadi su suka kafa shi a 1828, a hannun ƙaninsa Abu Ja. Da gwamnatin Murtala ta zaɓi wurin sabon babban birnin tarayya a 1976, aka ɗauki sunan, aka haɗa da yanki mai faɗi na ƙasar masarautar, garin ya koma Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Birnin ya tafi da suna, ya bar mana leburorinsa. Direbobi, masinjoji, masu gadi, birkiloli, da ƙananan ma'aikatan da albashinsu ba zai kama ɗaki a Wuse ko Garki ba, a nan suke kwana. Da asuba su cika motoci, su bi ta Madalla su wuce gindin dutsen Zuma, sai dare ya dawo da su. Rusau ɗin da aka yi a unguwannin Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara turo mana jama'a, kuɗin haya ya tashi, gidaje suka hau kan tsaunuka suka gangara har bakin rafi. Yawancin mutanen nan baƙi ne. Sun baro Katsina, Sakkwato, Zariya, Bida, wasu har Maraɗi, kuma ranar da maigida ya faɗi ya mutu babu baffa ko gwaggo a bayan katanga.

Haka ta faru da mu a 2003. Mahaifina direban bas ne a hanyar Kaduna. Ya fita da safe, da la'asar aka kawo gawarsa. Mahaifiyata ta gama takaba a ɗaki ɗaya na haya da 'ya'ya huɗu, danginmu na can arewacin Katsina, su ma da nasu nauyin. Ta riƙe ƙananan biyu, aka tura yayata ƙauye wurin gwaggo, ni kuma wata maƙwabciya ta yi mini hanya wurin Hajiya. Da dare ta kai ni, don kada a gani. A al'adarmu yaro ba ya rasa mai riƙo. Ko iyayensa na raye, gwaggo ko kaka kan ɗauke shi bayan yaye. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, matar ƙasar Zazzau da aka buga tarihin rayuwarta a 1954, zai ga ba ta taɓa haihuwa ba amma ta riƙi 'ya'yan wasu ta raine su. A cikin mutanen da suka saba da haka, kai yaro gidan marayu shela ce cewa dangi sun gaza. Shi ya sa mutanen unguwa ke miƙo mana sadaka, in sun juya baya kuma su tambayi juna, "Wai waɗannan ba su da kowa ne?" Yawancinmu muna da kowa. Dangin da ke da rarar tuwo ne ba mu da su.

Hajiya tsohuwar ungozoma ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu ya bar mata gida mai ɗakuna da fili. Mun haura talatin a lokacin, maza a ɓangaren ƙofa kusa da Baba maigadi, mata da jarirai a ciki. Ranar da ba baƙi, wato yawancin ranaku, ruwa ne farkon zance. Famfo sai ya ga dama, rijiyar gidan kuma tun watan Fabrairu take ja da baya. Bayan sallar asuba manyanmu mu ɗauki jarkoki, 'yan mata su hura wuta, Inna mai girki ta dama koko a tukunyar da sai mutum biyu ke sauke ta. In da hali a haɗa da ƙosai, in babu a sha haka. Mu taka zuwa makarantar gwamnati, mu dawo mu ci garin kwaki ko dafa-duka, la'asar Islamiyya, dare tuwon masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. Asabar wanki da aski da duba kan 'yan mata saboda ƙwarƙwata. Ƙazuwa da makero ba sa rabuwa da ɗakin da yara ke kwana a jere. In ɗaya ya kamu, Hajiya ta san mako mai zuwa maganin mutum goma za ta saya. Ban tuna mun taɓa kwana da ciki wayam ba. Abin da na tuna shi ne yadda malmala ke ƙanƙancewa daga watan Afrilu, miya ta tsinke, Inna ta fara ba mu labarin wai yawan manja yana kawo ƙaiƙayin maƙogwaro.

Ɗakin jarirai ya fi ko'ina cin kuɗi. Jaririn da aka tsinta a bayan tasha ko bakin kwalbati, sai an kai rahoto wurin 'yan sanda, jami'ar jin daɗin jama'a ta cike takardu, sannan a kawo shi. Da takardu yake zuwa, ba da madara ba. Gwangwanin madarar jarirai ba ya jimawa, kuma ba a yi masa dabara irin ta miya. Ranar bakwai Hajiya ta sa liman ya raɗa suna. In an samu mai ba da rago a yanka, in ba a samu ba a raba goro da dabino. Ba ta taɓa laƙaba wa yaro sunan mijinta ba. Ta ce shari'a ta hana jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba, riƙo aka halatta. A rajistar makaranta sai a rubuta sunan gari a gurbin na uba, in yaro ya girma ya yi ƙorafi ta ce masa ai Malam Aminu Kano da Shehu Shagari ma da sunan garinsu duniya ta san su.

Ranar baƙi kuwa gidan kan sake kama. A bugo waya a ce ana tafe, mu share tsakar gida, a yi wa ƙanana wanka a shafe su da basilin, mu sa riguna iri ɗaya da wani banki ya taɓa ɗinka mana. Motoci su faka, a sauke katan-katan na Indomie da buhunan shinkafa da sabulu da biskit da tishu, a jera a gaban allon gidan, a juya su yadda rubutun jiki zai fito. Mu tsaya a baya, ƙanana a gaba, mu yi waƙar maraba, wani ya karanto sura, a yi addu'a, a ɗau hoto. Matan manya daga Maitama da Asokoro, ma'aikatan banki a ƙarshen shekara, ƙungiyoyin coci a Disamba, 'yan siyasa in zaɓe ya matso, da masu murnar zagayowar ranar haihuwa da ke zuwa da kek su yanka a gabanmu mu yi musu tafi.

Kada a ɗauka ba ma murna. Muna yi ƙwarai; yaron da ke riƙe da lemon kwalba ba ruwansa da dogon tunani. Kuma a cikin baƙin akwai waɗanda zuciya ce ta kawo su, ka ga mace ta ɗauki jariri ta kasa ajiyewa, ta koma mota tana share hawaye. Abin da ke ci mini rai, wanda sai da na girma na gane dalilinsa, tambayar nan ce: "Ɗan samari, ina babanka? Me ya same shi?" A gaban jama'a, ana murmushi, wani na riƙe da kyamara. Mun koyi gajeriyar amsa mai sa a tausaya. Mun kuma lura duk wanda ya ce mahaifiyarsa na nan da ranta a Rafin Sanyi, sai ka ga mai tambaya ya ɗan ja baya ya nemi wani yaron. Ba wanda ya taɓa ce mana mu yi ƙarya. Shiru dai muka koya, da kanmu.

Da motoci sun tashi sai aikina ya fara. Shafin hagu na littafin abin da ya shigo ne, shafin dama abin da ake bin mu. Na hagu kaya ne, na dama kuɗi. Itacen girki, kuɗin wuta, kuɗin makaranta da na jarrabawar WAEC da NECO, kati da ƙarin ruwa a asibiti in zazzaɓin damina ya kwantar da yaro, albashin Inna da masu raino da Baba maigadi, gyaran kwanon da iska ta yaye, da motar kwashe masai. Ban taɓa ganin wanda ya taso daga Abuja ya ce a ɗauke shi hoto da motar kwashe masai ba. Mai bayarwa yana son abin da zai ɗauko da hannunsa ya ajiye ya ga tudunsa. Kuɗi kuwa yana ɗari-ɗari da ba da su, don ya sha jin labarin gidajen da ake tara yara a ci da sunansu, kuma labarin ba duka ne ƙarya ba.

Sai a wayi gari sito cike da taliya har rufi, ga tishu jibge a gidan da da buta ake tsarki, amma babu kuɗin itacen da za a dafa taliyar. Wasu kayan ma wa'adinsu ya kusa cika. Zamanin Dora Akunyili ne a hukumar NAFDAC, kowa ya koyi juya kwali ya duba kwanan wata, ni ma cikin aikina har da jan layi a ƙarƙashin duk abin da ya rage masa wata ɗaya. Mafita ɗaya ce, a sayar. Wani ɗan kasuwa kan zo da a-kori-kura bayan magariba ya kwashi rarar a farashin da bai kai na sari ba. Ba a jima ba magana ta zaga unguwa: Hajiya na sayar da kayan marayu. A wurin Musulmi da wuya a sami zargin da ya fi wannan muni, kowa ya san abin da aka tanadar wa mai cin dukiyar maraya. Ta yi kwanaki abinci ba ya shiga mata. Daga baya ta yafa mayafi, ta ce in ɗauko littafin, muka nufi zauren malamin unguwa.

"Allah gafarta Malam, ga littafi, ga yaron da ke rubutawa. A duba. In haram nake yi a gaya mini in bari, su ci taliyar ɗanya."

Malam ya jima yana bin shafukan da yatsa. Ya ce mai riƙon maraya wakili ne, an ɗora masa ya yi abin da ya fi zama maslaha ga yaron, kuma musanya abin da zai lalace da abin da ake bukata yana cikin haka. Amma kada a sayar sai da shaidu, kuma a riƙa gaya wa masu kawowa tun a ƙofa. Sannan ya ƙara da wadda ta fi wuya: kuɗin zakka haƙƙin matalautan yaran ne, ci da sutura da magani, kada a biya albashi ko a yi gini da shi. Daga ranar gwangwanayen kuɗi suka zama uku a ɗakin Hajiya. Na zakka, na sadaka, da na wasu yara biyu da aka kawo da ɗan gadonsu, wanda ba a taɓawa ko da gidan zai kwana ba a hura wuta ba. Sau da yawa na zakka na da nauyi, na sadaka wayam, Inna ta shiga wata na biyu ba albashi tana tuƙa tuwo ba ta ce uffan ba. Gaya wa baƙi gaskiya ma ya kore mana wasu. Wata Hajiyar ta ce ita ba don a kai kasuwa ta sayo ba, ta shiga motarta, ba mu sake ganinta ba.

Azumi kan matso da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka lissafin gidan ma yana tafiya da shi. A shekarun farko da na yi a can, azumi da salloli biyu da Kirsimeti duk kusan a wuri ɗaya suke cunkushe. A 2007 azumi ya kama a Satumba, Babbar Sallah ta faɗo saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Raguna ɗaure a tsakar gida, cinyoyin shanu na shigowa a bahuna, ga wuta ba ta tsayawa balle a yi zancen firji. Aka kwana ana suya, ana yanyana nama ana shanyawa a igiya, har ƙanana suka fara kawar da kai in an miƙo musu tsoka. Fatun layya da maƙwabta suka tara mana aka sayar, kuɗin ya biya zangon karatu na biyu. 'Yan watanni bayan haka farashin shinkafa ya yi tashin gwauron zabo a duniya baki ɗaya, har gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar da harajin shigo da ita a watan Mayun 2008. Sauƙin bai iso Kwamba da wuri ba. Bazarar nan da daminarta masara da rogo muka ci, kuma in ban da ranar yara ta 27 ga Mayu, ƙofarmu ba ta ga mota ba sai da aka ga watan azumi.

A irin waɗannan watanni ake fita nema. Ni ke rubuta wasiƙun neman taimako da Turancin ɗan sakandare, a buga a shagon kwamfuta, a haɗa da kwafin takardar rajista da hoton yara. Ranar da ba makaranta in raka Hajiya Abuja. Mun ɗumama benci a ofisoshi da yawa. Sakatariya ta karɓi wasiƙa ta buga hatimi, ta ce oga ya yi tafiya a dawo mako mai zuwa, alhali kuɗin motar dawowar kokon kwana biyu ne. Da muka fara balaga, kuma mu da 'yan matan gidan ba muharraman juna ba ne, kwamitin gidan ya shirya ƙaddamar da gidauniya don a gina wa maza ɓangarensu daban. Aka kama zauren taro, aka yi hayar kujeru da lasifika, aka buga kati mai ruwan zinare, aka gayyaci babban mai ƙaddamarwa da uban taro da uwar taro. Mai gabatarwa na kiran suna yana zuba kirari, kowa ya miƙe ya faɗi adadi, a yi kabbara a tafa. Ina gefe ina rubutawa, hannuna na rawa don ban taɓa jera sifili masu yawa haka ba. Alkawarin taro hadarin kaka ne, ga rugugi ga walƙiya, ruwa kaɗan. Abin da aka zuba a faranti ranar da ƙyar ya biya zaure da abincin baƙi. Sauran muka yi ta bi: wannan ya ce a ga akawunsa, wancan cakinsa ya dawo daga banki, wani ya canza lamba. Ginin ya tsaya a linta, kuma a haka na bar shi.

Asusu ne bai taɓa dawowa daga banki ba. Akwatunan katako ne masu kwaɗo da aka ajiye a wasu shaguna da masallatai da wani kemis. Ƙarshen wata in zaga da Baba maigadi mu kwaso, a buɗe gaban shaidu. Naira biyar, naira goma, 'yar Murtala, duk sun sha hannu sun yi laushi, wata na warin kifi wata na fetur. Da aka fito da naira 20 ta leda a 2007, Hajiya kan juya ta ta ce mana fuskokin biyu duk labarin garinmu ne: a gaba shugaban da a zamaninsa aka zaɓi wurin sabuwar Abuja, a baya Ladi Kwali, wadda tukwanen da ta gina a cibiyar ginin tukwane ta garin nan suka kai sunanta har ƙasashen Turai.

Sai kuma mutanen da ba su taɓa sa hannu a littafin baƙi ba, sai dai a same su a nawa. Mahaucin da ke aiko ƙashi da kayan ciki kowace Juma'a. Matan Gwari da ke sauke itace daga kafaɗa a ƙofarmu, su karɓi kuɗin dami uku su bar huɗu. Ɗan ƙabilar Ibo mai kemis da ke ba mu magani bashi, ba ya tuntuɓa sai Disamba. 'Yan garuwa da ke juye mana kura ɗaya kyauta in rijiya ta ƙafe. Masu kayan gwari na kasuwar Madalla da ke ware mana tumatirin da ya fara laushi ranar Alhamis da yamma. Da wani ƙaramin ma'aikaci da ke kawo naira dubu ɗaya duk ranar da albashi ya shiga, shekara da shekaru, ko zama ba ya yi. A kan waɗannan Hajiya ke iya ɗora lissafi. Dubu ɗayan da ka san ranar zuwanta ta fi dubu hamsin da ba ka san ranarta ba, don da ita ake iya ce wa mai itace ta kawo, za a biya.

'Yan bautar ƙasa ma suna cikin masu zuwa a kai a kai. Ranar aikin gayyarsu ta mako su zo da kakinsu, su koya mana lissafi da Turanci, su shafa wa bango fenti, wata ta zauna yi wa 'yan mata kitso. Ranar Juma'a 8 ga Afrilun 2011 da yamma, jajibirin zaɓen 'yan majalisar tarayya, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe da ke nan Kwamba, inda ma'aikatan wucin gadi suka taru suna duba wuraren da aka tura su. Mun ji ƙarar har cikin ƙirji, kwanon ɗaki ya amsa. Mutum fiye da goma suka mutu, cikinsu har da 'yan bautar ƙasa. A watan Yuli aka kai wa wani coci hari a cikin gari, ranar Kirsimeti kuma aka tayar da bam a cocin Katolika na Saint Theresa da ke Madalla, aka kashe gomman mutane. Ranar 31 ga Disamba Shugaba Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a ƙananan hukumomi 15 na ƙasar, Suleja ce kaɗai daga jihar Neja. Washegari aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, kafin zanga-zanga ta sauko da ita 97.

Shingayen sojoji suka cika hanya, tafiyar da ba ta kai awa ba ta koma ta rabin yini. Mutanen Abuja suka ɗauke ƙafa. Mai son kai sadaka yana da gidajen marayu a Kuje da Gwagwalada da Karu, me zai kai shi garin da bam ke tashi? Ƙungiyoyin cocin da suka saba shigowa gidan Musulmi ba tare da tunanin komai ba, yanzu kowa na tsoron unguwar kowa. Mai kemis ɗinmu ya kwashi iyalinsa ya tafi garinsu na wasu watanni. Kafin ya tafi ya aiko da kwalin magani da takardar bashinmu, ya soke ta da jan biro.

A cikin wannan matsi ne Hajiya ta kawo shawarar da ta raba kan kwamiti. Ta sa na fitar da abin da ake kashewa a kan yaro ɗaya a wata, har da rabonsa na albashi da itace da ruwa. Ta ce da rabin wannan, in aka ba uwa masara da wake da kuɗin makaranta, yaron zai kwana a ɗakin uwarsa. Ba rahoton kowa ta karanta ba, littafin sito ta karanta, amma zancen da duniya ke yi ke nan a lokacin. A 2009 ƙungiyar Save the Children ta fitar da rahoto cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. A 2012 Ruwanda ta fara shirin rufe gidajen marayunta tana mayar da yara cikin iyalai. A Maiduguri kuma tun 2007 Barista Zannah Mustapha ya buɗe wa marayu makaranta kyauta, ya haɗa da ƙungiyar sana'a ta matan da mazansu suka mutu, aikin da ya sa hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen a 2017.

Shugaban kwamiti, wani Alhaji ɗan kasuwa da ke son gidan tsakani da Allah, bai yarda ba.

"Hajiya, mai kawo kaya kawuna yake ƙirgawa. In ya shigo ya ga yara goma sha biyu, kayan goma sha biyu zai kawo. Waɗanda kika mayar gida, wa zai gan su?"

"To Alhaji, sai mu riƙe 'ya'yan mutane don a sami abin ƙirgawa?"

Ta yi yadda ta ce. Kafin damina ta sauka, duk wanda uwarsa ke da ɗaki kuma ta amince ya koma, har da ni. Komawar ba ta zo da daɗin da ake zato ba. Mahaifiyata ta sake aure, na shiga gidan a matsayin agola mai gemu na tsirowa, ƙannena na kirana ɗan gidan Hajiya. Mijinta mutumin kirki ne, muka zauna lafiya. Wasu ba su dace ba: yara biyu da ƙafarsu suka dawo Kwamba cikin wata guda, Hajiya ta buɗe musu ƙofa ba ta tambaye su komai ba.

Maganar Alhaji ma ta tabbata. A azumin 2012 'yan baƙin da suka fara dawowa sun tarar da tsakar gida ba cika, kayan da suka kawo na gaba ya ragu. Wasu har suka tambaya ina aka kai yaran, da irin muryar da ke nuna sun ji labarin gidajen da ake sayar da jarirai. Sai an ɗauko littafin an nuna musu shafin da iyaye mata ke dangwala yatsa in sun karɓi rabonsu. Na ci gaba da zuwa kowane ƙarshen wata don wannan shafin. Matan kan zo bayan magariba ta ƙofar baya, Inna na awo da mudu, ni ina rubutawa, mahaifiyata na cikin layin. Da gwangwanin sadaka ya kasa ɗaukar nauyin, Hajiya ta sayar da wani filinta da ke hanyar Maje. Rabon hatsin ya ci gaba har kuɗin filin suka ƙare a farkon 2014, daga nan aka rage shi zuwa kuɗin makaranta kaɗai.